Takardar tallar da ta ƙare a gaban kaskon mai ƙosai

Wata Laraba da safe, a hanyata ta zuwa asibitin sha-ka-tafi inda nake aiki, na tsaya na sayi ƙosai. Da na zauna zan karya, sai na ga takardar da aka ƙunsa mini shi a ciki takardar talla ce sabuwa fil, mai launi, ta wata baiwar Allah mai haɗa turaren wuta da humra. Na san ta, tana cikin ƙungiyar matan da muke zuwa yi wa bita kan rigakafin yara. Kuɗin adashinta ta kwasa ta buga guda dubu, ko mako biyu ba a rufa ba ga su sun zama abin ƙunshi. Kafin in wuce, masu ƙosai da masu tsire, don Allah ku daina naɗe abinci mai zafi da maiƙo a takardar da aka buga da tawada, domin tawadar tana narkewa ta shiga abincin.

Na shimfiɗa takardar na ƙare mata kallo, kuma ban ga laifin waɗanda suka yar da ita ba. Mu ma'aikatan lafiya mun raba takardu har mun gaji, musamman a shekarun yaƙi da cutar shan inna, kafin a ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Abin da bin gida-gida ya koya mana shi ne wanda ka miƙa wa takarda a tsaye yake, ko yana tafe, rana na dukansa, hankalinsa na kan cefane. Kallo ɗaya zai yi mata. In ya gane abin da ake sayarwa da inda ake samu, ta shiga aljihu. In bai gane ba, ta zama ta mai ƙosai.

Ita wannan Hajiyar ta so ta faɗi komai a fili ɗaya. Turaren wuta, humra, dilka, gyaran amare, atamfa da leshi, har da sanarwar tana koyar da sana'a. Takardar kuma rabin A4 ce, wadda masu bugu ke kira A5, faɗinta milimita 148, tsawonta 210. Don komai ya samu wuri, sai yaron shagon kwamfuta ya matse rubutun ya koma kamar sahun tururuwa. Wannan shi ne ciwon da na fi gani a takardun masu ƙananan sana'o'i, kuma na san tushensa: mutum ya biya kuɗi, yana ganin duk inda aka bar fari an yi asara. Alhali farin filin nan shi ke ba ido damar sauka a kan abin da ake so ya gani. Ku tuna da mai talla a kasuwa. Ba ya tsayawa ya lissafa duk abin da ke kan farantinsa, abu ɗaya yake ɗaga murya a kai, in kin matso sai ki ga sauran. Ki zaɓi abin da aka fi saninki da shi, ki sa shi da manyan baƙaƙe a sama. Sunan shago ya biyo baya, domin wanda bai san ki ba, sunan shagonki ba ya gaya masa komai.

Maganar girman rubutu kuma a nan aikina ya shigo. Daga wajen shekara 40, idon ɗan Adam yakan fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa, shi ya sa za ka ga dattijo yana nesanta takarda da fuskarsa kafin ya karanta. Wannan ba cuta ba ce, girma ne, kuma tabarau na gyara shi, sai dai da yawa daga mutanenmu ba su da tabaran. To su wa ke riƙe da kuɗin gida? Su ne dai waɗannan iyaye da kakannin. Duk rubutun da ya gaza girma 12 a kwamfuta, ka sani ka rufe wa rabin masu sayenka ƙofa. Haka salon baƙaƙe masu lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki, suna da kyau a ido amma sai an yi ta harhaɗawa. Salo biyu sun isa, ɗaya na kanu, ɗaya na bayani.

Launi ma haka. Rubutu ruwan ɗorawa a kan fari, ko ja a kan kore, ko rubutun da aka ɗora a kan hoto mai hayaniya, duk ɓata tawada ne. Akwai ma mutanen da, musamman maza, ba sa iya bambance ja da kore tun haihuwa. Baƙi a kan fari ko a kan ruwan ɗorawa ba ya ba da kunya. Kuma launin da ka gani yana ƙyalli a fuskar waya ba shi zai fito a takarda ba, domin waya da haske take nuna launi, injin bugu kuma da tawada huɗu yake haɗa shi.

Sai harshe. Za ka ga mai sayar da kunun aya a unguwar da kowa Hausa yake ji, ta sa an rubuta mata talla da Turanci, wai ya fi burgewa. Ki rubuta da harshen da mai sayenki yake ciniki da shi. In kuma an rubuta da Hausa, a kula da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Wasu salon rubutun na kwamfuta ba su da su, sai su fito kamar ɗan akwati, ko mai bugun ya cire ƙugiyar gaba ɗaya. Na taɓa ganin takardar wata mai saƙa rigunan sanyi na jarirai an rubuta “muna saka kayan jarirai”. Tsakanin baƙi da baki, ko ƙare da kare, ƙugiya ce kawai. A ƙauyuka da unguwannin da masu karatun allo suka fi yawa, layi ɗaya na ajami yana aiki sosai. Ba a banza har yau takardun naira 200 da 500 da 1000 ke ɗauke da ajami ba.

Wani abu da malamai suka sha jan kunne a kai: a daina buga ayar Alƙur'ani ko Bisimilla a takardar da aka san za ta faɗi ƙasa a tattake ta, ko iska ta kai ta kwata.

Lambar waya a Najeriya guda 11 ce. In aka jera su a manne, ido na tsallake ɗaya. A raba su huɗu, uku, huɗu, a sa lamba ɗaya ko biyu waɗanda ake ɗauka, ba guda biyar ba. Adireshi kuma a yi shi yadda za ka kwatanta wa mai adaidaita sahu: unguwa kaza, bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, shago mai koren ƙyaure. Farashi a yi hattara da shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mun ga yadda kuɗin kaya ke sauyawa cikin 'yan makonni, kuma wanda ya zo da takarda a hannu ya tarar an ƙara kuɗi, gani yake an yaudare shi. In dole sai an sa, a rubuta ranar da farashin zai daina aiki, ko a buga kaɗan-kaɗan.

Hoto ya zama na kayanka. Tela ya ɗauko ɗinkin wani daga intanet ya liƙa, ranar karɓar kaya a yi ta sa-in-sa. Ka ɗauki naka da rana a inuwa, a kan farin ƙyalle. Wajen tura wa mai bugu ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin in aka tura kai tsaye manhajar tana rage masa nauyi, sai ya fito dishi-dishi.

Inda na fi jin zafi shi ne takardun masu magani. Kwalba ɗaya wai tana maganin basir da taifot da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, wani lokacin har da hotunan da ba za ka so yaro ya gani ba. Mu ne muke karɓar mai hawan jinin da ya karanta irin wannan ya ajiye ƙwayoyinsa, aka kawo shi ɓarin jiki ya shanye. Hawan jini da ciwon suga lallaɓa su ake yi da magani da kula da abinci, babu kwalbar da ke raba mutum da su cikin mako guda. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magani da abincin da aka sarrafa, kuma tallan su ma sai da amincewarta. Mai zoɓo ko yaji ko man shafawa, in kina da lambar rajista ki sa ta a fili, in babu kada ki ƙirƙira, kuma kada ki ce kayanki na warkar da cuta.

Da muka haɗu da Hajiya mai turare a taro na gaba, na ce mata wannan karon ta sa a fitar mata da guda ɗaya tak kafin a kunna inji. Ta duba ko rubutu ya matsa bakin takarda, domin wuƙar yanka tana cin gefe. Ta buga lambar da ke jiki ta ji ko wayarta za ta yi ƙara. Sannan ta miƙa wa surukarta, ta ƙirga biyar, ta karɓe, ta tambaye ta me ake sayarwa kuma a ina. Ta yi dariya ta ce, “Malama, ai Inna ba ta gani sosai.” Na ce mata ai shi ya sa na ce Inna.