Koya wa ɗaliban injiniyanci iya bayani a aikin shekarar ƙarshe

Me ya sa sai a aikin shekarar ƙarshe?

Domin a nan ne ɗalibi yake da abin faɗa na gaske. Ya zana na'ura, ya gwada ta, kuma akwai mai jiran sakamako. Darasin rubutu da aka ware shi daban ba ya tilasta masa kare dalilin da ya sa ya zaɓi alminiyum ya bar ƙarfe. Hukumar ABET, mai tantance karatun injiniyanci a Amurka, ta sa iya isar da bayani ga mutane iri-iri cikin abubuwan da dole ɗalibi ya fita da su.

Me ake sa su rubuta ko gabatarwa?

Da farko takardar buƙatu: me na'urar za ta yi, da lambobi da ma'auninsu. Sai rahoton mako-mako, shafi ɗaya. Sai zaman bitar zane sau biyu, ɗaya kafin a tsayar da tsari, ɗaya kafin a sayi kaya a fara haɗawa. A ƙarshe cikakken rahoto da jawabin minti 10 zuwa 15, kuma ya kamata a sa wanda ba injiniya ba cikin masu sauraro.

Ina aka fi samun matsala?

Barin rubutu sai makon ƙarshe, lokacin da babu damar gyara. Sai ɗora rahoton duka a kan mutum ɗaya, sauran su tafi hannu rabbana. Akwai kuma rahoton da ke bin labarin aikin daga ranar farko, alhali mai karatu sakamako yake nema da abin da za a yanke a kai. Wannan ya fi wuyar gyaruwa, don ɗalibi yana son a ga wahalar da ya sha. Maganinsa a karɓi daftari tun da wuri, a mayar da shi da gyara, a kuma riƙa juya mai gabatarwa.

Lamba marar ma'auni ta isa a rage maki?

Ƙwarai. A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare na masu aikin ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan ya ɗauka da ma'aunin niyuton aka yi.

Wa zai ba da makin?

Malamin injiniyancin da kansa, ko da masanin rubutu ya taimaka. A raba wa ɗalibai sharuɗɗan makin tun makon farko. In makin bayani bai taka kara ya karya ba, ɗalibai za su zuba ƙarfinsu duka a kan na'urar.