Kuɗin ɗan riƙo: wa zai biya, wa zai ajiye?

A Katsina da Daura yawancin yaran riƙo suna hannun dangi ne, kaka ko goggo ko kawu, kuma galibin saɓanin da ke tasowa a kan kuɗi yake.

Yaro yana hannun kakarsa, ubansa yana raye. Wa zai ciyar da shi?

Uban. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci ke bi a nan, ci da sutura da wurin kwana suna wuyan uba ko da yaron ba ya gidansa: namiji har ya balaga ya iya nema, mace har ta tare a ɗakin miji. Idan ya ƙi, a fara da manyan dangi da mai unguwa, sannan ofishin walwalar jama'a, sannan kotu. Alƙali yana yanka adadi gwargwadon samun uban. A tabbata an rubuta ranar biya, da wanda zai ɗauki kuɗin makaranta da na asibiti, domin a nan ake yawan musu.

Uban ya rasu yana aiki, sunan ƙaninsa ne a fom a matsayin makusanci. Kuɗin na ƙanin ne?

A'a, kuma wannan kuskure ya cuci marayu da yawa. Makusanci mutumin da za a tuntuɓa ne kawai, sunansa a takarda bai mai da shi magaji ba. Ga ma'aikacin tarayya ko na kamfani, dokar fansho ta 2014 ta tanadi abin da ya taru a asusunsa, da inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Kamfanin fansho zai nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu mai ba da ikon karɓar dukiyar mamaci. In kuɗin asusun fansho sun fito, gado ne, a raba, a ware kason kowane yaro da sunansa.

Ina za a ajiye kason?

A asusun banki na daban, a hannun wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa. Kada a zuba shi cikin cefanen gida ko jarin mariƙi. A sami littafi guda: kwanan wata, abin da aka cire, dalili, rasit a liƙe. Gona ko gida kuwa, kada a sayar sai da izinin alƙali.

Mariƙi zai iya ci daga ciki?

Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta raba: mawadaci ya kame, matalauci ya ci daidai gwargwado. Ciyar da yaron kansa daga dukiyarsa ake yi.

Yaushe ake miƙa masa?

Balaga kaɗai ba ta isa ba, sai an ga yana da hankalin riƙe dukiya. A gwada shi da kaɗan tukuna. Ranar miƙawa a kira shaidu, a karanta lissafin a gabansa, kowa ya sa hannu.