Neman Kayan Gyara na Hannu don Tayar da Tsofaffin Injinan Noma

Neman kayan gyara na hannu shi ne bin sawun sassan da aka kwance daga taraktoci, garemani da injinan shuka ko na girbi da suka daina aiki, a tantance su, a ɗaura wa wani injin da ake son tayarwa. Mutane iri biyu suka fi yin wannan nema. Akwai masu sha'awar tarihi, waɗanda burinsu inji ya koma yadda ya fito daga masana'anta, har launin fentinsa. Akwai kuma ƙananan manoma da tsohuwar tarakta ce jarinsu, su dai ta tashi ta ja garma. Matsalarsu ɗaya ce: kamfanin da ya ƙera injin ya daina yin kayansa, ko kuma kamfanin ma ya shuɗe.

Abin da ya kawo ƙarancin kaya

Manyan kamfanonin injinan noma sun sha haɗewa da sauya hannu. Massey-Harris ya haɗe da kamfanin Ferguson a 1953, daga baya AGCO ya saye Massey Ferguson a 1994. A tsakiyar shekarun 1980 sashen noma na International Harvester ya koma hannun Tenneco aka gwama shi da Case, na Allis-Chalmers kuma ya koma hannun Deutz na Jamus a 1985. Sabon mai gida ba ya cika riƙe kayan da sai a shekara ba a nemi ko ɗaya ba. Ga kuma narkarwa: a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tattara tsofaffin ƙarafa a Amurka da Birtaniya don ƙera makamai, injinan noma masu yawa suka tafi a haka. Har yau, duk sa'ad da kuɗin tsohon ƙarfe ya tashi, 'yan gwangwan kan riga makanikai isa wurin.

Sauƙin samun kaya ya danganta da yawan abin da aka ƙera tun farko. Ferguson TE20, wadda aka yi a birnin Kobantiri na Ingila daga 1946 zuwa 1956, ta haura guda dubu 500. Haka ma Ford 8N ta Amurka, daga 1947 zuwa 1952. Mai irin waɗannan ba ya shan wahala sosai, don har sababbin kwaikwayo ake yi musu. Wanda ya riƙe injin ƙaramin kamfani da ya yi 'yan ɗaruruwa ya rufe, shi ne zai iya shekara yana cigiyar haƙorin giya guda.

Tantancewa kafin nema

A nan aka fi yin asara, kuma a nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Sunan tarakta kaɗai bai isa ba. Wanda ya ce yana neman kayan "Ferguson mai ruwan toka" bai faɗi komai ba tukuna, domin TE20 ta farko injin Continental na Amurka ne a cikinta, TEA-20 kuma injin fetur na kamfanin Standard, TED-20 tana shan wani mai dangin kalanzir, TEF-20 kuwa dizal. A ido duk ɗaya suke, a ciki kowacce da nata. Ford 9N giya uku gare ta na gaba, 8N huɗu. Ita kanta 8N ɗin, a 1950 an ɗauke na'urar raba wuta zuwa filogi daga goshin inji an mayar da ita gefe, don haka kayan wutar farkon ƙira ba sa hawa na ƙarshenta.

Lambobi uku ake dogara da su. Ta farko lambar injin kansa, wadda ke nuna shekarar ƙira. Ta biyu lambar zubi, wadda ke fitowa a jikin ƙarfen tun daga maƙera, sau da yawa datti da tsohon fenti sun binne ta sai an kankare. Ta uku lambar da ke cikin littafin kayan gyara na kamfani, mai zane-zanen da ke nuna kowane noti da mazauninsa. Littafin nan ya cancanci a saye shi tun kafin a sayi sifana. Sai dai lambar farkon ma takan yi ƙarya: a taraktocin Ford na jerin N, a jikin bulok ɗin inji aka buga ta, to idan wani ya taɓa sauya injin shekaru hamsin da suka wuce, lambar tana ba da labarin injin ne kawai, giyabos da ƙafar baya na wata shekara ce daban. Tsohuwar tarakta da ta yi aiki da gaske da wuya a same ta ba gauraye ba.

Ƙananan ma'aunai ma suna da tarko. Sandar da ke juya kayan aiki a bayan tarakta, a tsofaffin Ford da Ferguson kaurinta inci 1 da 1/8 ne, alhali wadda aka daidaita a kanta daga baya inci 1 da 3/8 ce. Zaren noti kuwa akwai na Ingila, akwai na Amurka, akwai na milimita. Za su kama da farko kamar sun dace, sai an ɗaure su cinye juna. Yawancin taraktocin fetur na wancan zamani batir mai bolt 6 suke amfani da shi, an kuma mayar da da yawansu 12 ba tare da an rubuta ko'ina ba.

Inda ake samu

Wuraren kwance matattun taraktoci su ne tushe na farko, sai gwanjon kayan gona idan manomi ya yi ritaya ko ya rasu, da bukukuwan baje kolin tsofaffin injina inda masu sha'awa ke musayar kaya, da shafukan saye da sayarwa na intanet. Wani lokaci a rumbun tsohon dila akan tsinci kaya sababbi fil cikin kwalinsu na asali, ba a taɓa ɗaura su ba. Waɗannan su ne suka fi daraja. Da yawa kuma sukan sayi matacciyar tarakta sukutum su riƙa cira daga jikinta, wanda sau tari ya fi sayen ɗaiɗai araha.

Hanyar da ba kowa ya sani ba ita ce bin dangin inji. Injin dizal na Perkins mai silinda uku da ke cikin Massey Ferguson 135 an sa shi a wasu injina da dama da ba na noma ba. Injin fetur na TEA-20 ɗan uwan na motar Standard Vanguard ne. Kamfanin TAFE na Indiya da IMT na tsohuwar Yugoslabiya sun ƙera samfuran Massey Ferguson bisa lasisi, Ursus C-45 ta Poland kuma kwafin Lanz Bulldog ce ta Jamus. Ba komai nasu ke hawa ba, amma ƙofa ce. Boris (zoben da sanda ke juyawa a cikinsa) da sil (zoben da ke hana mai yoyo) kuwa, lambar da ke jikinsu ta masana'antar boris ce, ana iya samun sabo da ita ba sai an ambaci tarakta ba.

Duba kaya kafin biya

Babban abokin gabar ƙarfen zubi shi ne tsagewa. A ƙasashe masu sanyi, ruwan da aka bari cikin inji yakan daskare ya fasa bulok ko kan silinda, tsagar kuma takan ɓuya ƙarƙashin maiƙo. Ana wanke wurin, a shafa rini mai shiga tsaga, ko a gwada da maganaɗisu da garin ƙarfe. Tsofaffin makanikai sukan rataye ƙarfen su ƙwanƙwasa: lafiyayye yana amo, tsagagge muryarsa a dushe take. Karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa cikin inji, sai an auna, don a san ko an taɓa rage shi da kuma ko akwai sauran abin ragewa. Haƙoran giya ana duba su ɗaya bayan ɗaya. Wilin baya yana bukatar kulawa ta musamman, saboda an saba cika tayoyin da ruwan wani gishiri don ƙara nauyi, shi kuwa yana cin ƙarfe daga ciki, ya fi tsanani kusa da bakin iska. Sabon fenti a kan tsohon kaya dalili ne na ƙara dubawa.

Akwai abin da bai kamata a saya na hannu ba ko da kyauta ne: gaskit, sil, tiyon roba, wayoyin wuta da fatar birki. Shekaru kaɗai sun isa su kashe su. Inda kayan asali suka yi zarra shi ne ƙarfen zubi, giya, murfin inji da tambari, domin kwaikwayon zamani sau da yawa ya fi sirantaka, ramukan notinsa kuma ba sa faɗawa daidai.

Kwancewa

Wanda zai kwance da kansa ya ɗauki hoto a kowane mataki, ya kuma kwashe notuna da ƙananan maƙalai tare da babban kayan, don su ne ake rasawa daga baya. Raba tarakta biyu domin a kai ga kuloci aiki ne mai haɗari: kowane rabi sai an tokare shi da katako mai ƙarfi, ba a dogara da jak kaɗai. Tsohuwar fatar birki da ta kuloci da wasu gaskit suna ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma. Ba a hure su da iska, ba a goge su a bushe. Injin da aka gani yashe cikin ciyawa yana da mai shi, sai da izini da takardar ciniki, kuma kayan da aka goge lambarsa abin gudu ne.

Idan nema ya ci tura, akan ari irin kayan daga wani mai inji a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya auna ya fitar da sabo, ko a kai maƙerar zubi. Mai zubi yakan ɗan ƙara girman samfurin, domin ƙarfen zubi yana tsukewa da kusan kashi 1 cikin 100 idan ya huce. In aka yi amfani da tsohon kayan kai tsaye a matsayin samfuri, sabon zai fito ya ɗan gaza.