Kachalla da halittun fadamun Haɗejiya-Nguru: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da yawan nau'o'in halittu?

Kifi iri-iri, tsuntsu iri-iri, ciyawa da itace iri-iri, duk a wuri ɗaya, kowanne yana rayuwa da wani. A fadamun nan akwai tarwaɗa, karfasa, bargi, dinya, gauraka, bado, burgu da goruba. Idan kachalla, wato doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, ta cinye wurinsu ta rage ita kaɗai, an yi asara.

To, ai kachalla ma halitta ce?

Halitta ce, ba a musa ba. Amma inda ta kafu ba ta barin komai. Tana toshe hanyar jirgin masunci, tana kashe burgun da shanu ke kiwo, tana zama masaukin sauro, da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya, da jan-baki masu cinye shinkafa da gero.

Daga ina ta zo?

Daga sauyin ruwa. Da can kogin Haɗejiya yana ambaliya da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana kusan duk shekara, marar zurfi, ga laka tana taruwa. Wannan shi ne abin da kachalla ke so. Don Allah a daina cewa tsuntsayen Turai ne suka kawo ta.

Me ya sa ake damuwa da tsuntsayen da ba namu ba?

Agwagin daji da ke ketare Sahara daga Turai suna yin hunturu a nan, shi ya sa aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin Ramsar, wato jerin fadamun duniya masu muhimmanci da ake karewa, a 2000. Inda suka daina sauka, ka duba da kyau, kifin ma ya ragu.

Na ƙone kachalla bara, ta dawo. Yaya zan yi?

Malam, wuta ganye kawai take ci, saiwar tana kwance cikin laka lafiya lau. Kachalla tana shaƙar iska ta ganyenta zuwa saiwa, don haka dabarar ita ce a nutsar da ita. A yanke ta ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ƙasa da saman ruwan, yadda kututturen ba zai leƙo ba. A kwashe abin da aka yanke zuwa tudu, kada a bar shi ya ruɓe a ciki ya shaƙe kifi. Idan ta sake tsirowa, a sake yanka kafin sabon ganye ya yi tsawo. Sau biyu ko uku a shekara guda yakan rage ta sosai, amma ba kullum ba. Ya danganta da ruwan: idan ya janye bayan mako ɗaya kututture ya fito fili, aikin ya tashi a banza. Lokaci mafi kyau shi ne dab da ta fitar da kai, lokacin da saiwa ta ƙarar da abincinta. Idan kan ya riga ya nuna, iri dubbai ne iska za ta watsa. Kuma ko ka yi komai daidai, in maƙwabcinka bai yanke tasa ba, saiwar za ta rarrafo maka. Aikin gayya ne, na gari guda, tare da yashe mashigai. Kada ka karaya idan shekarar farko ba ta nuna ba. Masu shiga ruwan su sa dogon takalmin roba saboda tsargiya.

Ba zan fesa maganin ciyawa in huta ba?

Cikin ruwan da mutane ke sha, shanu ke sha, kifi ke ƙwai? Haba ɗan'uwa. A'a.

Feshin jan-baki da jirgin sama fa?

Yana kashe jan-baki, yana kuma kashe shaho da shirwar da suka ci gawarsu. Bayan feshi a binne matattun, kada yara su tsinta su kai kasuwa.

Ganyen kachallar da aka yanke yana da amfani?

Yana da shi. Ana saƙa tabarma da shi, a Senegal da Muritaniya ana yin gawayi. A busar da shi sosai tukuna.