Me Ake Nufi da Matakan Girman Yaro?

Matakan girman yaro su ne abubuwan da jariri yake fara iyawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lokacin da aka saba ganinsa: tsayar da wuya, birgima, zama, rarrafe, tsayuwa, tafiya, murmushi ga fuskar da ya sani, gwaranci, har zuwa kalmar farko. Ɗalibin kwaleji da ya ɗauki darasin ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren girma, yana gamuwa da su tun makonnin farko. Haka ma mai koyon aikin mataimakin likitan fisiyo, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Malamai kan kasa matakan gida-gida: motsin manyan gaɓoɓi, aikin hannu da yatsu, magana, tunani, da mu'amala da mutane.

Likitan da ya fi shahara wajen tsara su shi ne Arnold Gesell na Jami'ar Yale, wanda tun shekarun 1920 ya riƙa lura da jarirai yana ɗaukar motsinsu da kyamara. Daga irin wannan aiki aka tsayar da ƙa'idoji biyu da har gobe ake koyarwa. Iko da jiki yana saukowa ne daga kai zuwa ƙafa, shi ya sa wuya ke riga baya tsayawa, baya kuma ya riga ƙafafu. Sannan yana fita daga tsakiyar jiki zuwa gefe: kafaɗa tukuna, sai hannu, daga baya yaro ya iya tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni.

Inda mutane da yawa ke kuskure, har da ɗalibai masu haddar jadawali don jarrabawa, shi ne ɗaukar kowane mataki kamar yana da rana tsayayya. Ba haka ba ne, kowanne tazara gare shi mai faɗi. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar: Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Zama ba tare da jingina ba ya kama daga kusan wata 4 zuwa wata 9. Tafiya ba riƙo kuwa daga wata 8 har kusan wata 18. A dubi wannan da kyau: yaron da ya taka a wata 9 da wanda sai da ya kai wata 16, dukansu lafiyarsu ƙalau. Kimanin kashi 4 cikin 100 na yaran ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam. Wasu yaran jan gindi suke yi, ko jan ciki, kawai sai a ga sun miƙe. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sabunta jerinta a 2022, ta cire rarrafe daga ciki, ta kuma koma sanya abin da aƙalla kashi 75 cikin 100 na yara suke iyawa a kowane lokaci. Likitocin fisiyo da dama ba su ji daɗin cire rarrafen ba, kuma ina ganin ƙorafinsu abin saurare ne, domin rarrafe yana gina ƙarfin kafaɗa da haɗin aikin ɓarin dama da hagu.

Bakwaini kuma lissafinsa daban ne. Wanda aka haifa a mako na 32 ya riga lokacinsa da mako 8, don haka idan ya cika wata 6 a duniya, da ma'aunin ɗan wata 4 za a duba shi. Akan ci gaba da wannan ragi har ya kai shekara 2. Mantawa da shi kaɗai ya isa ya jefa iyaye cikin tashin hankali a banza.

Gesell ya fi danganta komai da ƙosawar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Daga baya Esther Thelen, wata masaniyar girman yara 'yar Amurka, ta nuna akwai sauran magana. Sabon jariri idan aka riƙe shi a tsaye yakan ɗaga ƙafafu kamar mai tafiya, sai abin ya ɓace wajen wata 2. An daɗe ana cewa ƙwaƙwalwa ce ta danne shi. Thelen ta tsoma ƙafafun jarirai a ruwa, sai takun ya dawo. Ashe ƙafafun ne suka yi ƙiba, nauyinsu ya fi ƙarfin tsokar. Wannan gwaji yana burge ni ƙwarai, domin shi ne ke nuna wa mai aikin fisiyo cewa motsi yana fitowa ne daga haɗuwar ƙwaƙwalwa, nauyin jiki, ƙarfin tsoka, da wurin da aka ajiye yaro. Galibin waɗannan kuwa ana iya yin aiki a kansu. Shi ya sa ake ba da shawarar a riƙa kifa jariri rub da ciki idan idonsa biyu kuma ana kallonsa, barci kuwa a rigingine.

Nan ne darasin halayya ke shigowa. Jean Piaget, masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana cewa daga haihuwa zuwa shekara 2 yaro da jikinsa yake koyon duniya, ya taɓa, ya jefar, ya kai baki. Wanda ya kasa zama, hannayensa na can suna tokare jiki, ba su da sukunin wasa da abu. Jinkirin motsi kan taɓa tunani da magana, kuma yaron da ba a samo abin da ke jan hankalinsa ba, ba zai miƙa hannu ba ko an yini ana lallashinsa.

Mataimakin likitan fisiyo ba shi ke yanke cewa yaro na da wata lalura ba, ba shi ke tsara magani ba. Amma sau da yawa shi ya fi daɗewa tare da yaron a kan tabarmar atisaye, don haka idonsa da abin da ya rubuta suna da nauyi. Ana koya masa ya dubi yadda aka yi motsin, kada ya tsaya a kan an yi ko ba a yi ba. Yaro ya zauna, to da bayansa a miƙe ko a lanƙwashe? Yana birgima ta ɓangare ɗaya kullum? Jikinsa ya cika sanƙarewa, ko ya saki lakwas? Fifita hannu ɗaya kafin shekara 1 na iya nuna rauni a ɗaya hannun. Rashin zama bayan wata 9 da rashin tafiya a wata 18 suna buƙatar a duba. Wanda ya fi duka gaggawa shi ne yaro ya daina abin da ya riga ya iya, ko motsi ne ko magana. Wannan ba a jiran zama na gaba, ranar da aka gani ranar ake sanar da likita.