Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Min Kan Jihar Texas

Tambayoyi kusan iri ɗaya ake ta kawo min kan jihar Texas ta Amurka. Ga amsoshin a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Houston ce babban birninta?

A'a, Austin ce. Houston yawan jama'a kawai ta fi.

Me ya sa tutarta ke da tauraro ɗaya tak?

Saboda ta taɓa zama ƙasa mai cin gashin kanta. Ta ɓalle daga Meziko a 1836, bayan Sam Houston, kwamandan sojojin Texas, ya murƙushe dakarun Janar Santa Anna na Meziko a yaƙin San Jacinto. Ta yi kusan shekara goma da shugabanta da kuɗinta, sannan ta shiga Amurka a ƙarshen 1845.

To za ta iya sake ɓallewa?

Ba za ta iya ba. Kotun Ƙolin Amurka ta rufe wannan magana tun 1869. Haba jama'a, ba duk bidiyon da aka gani a Facebook ake turawa ba.

Wai da gaske ba a biyan haraji a can? Ina son in koma.

Nan ne nake so ka natsu, ɗan'uwa, don wannan magana ta rudi mutane da yawa. Gaskiya ne jihar ba ta cire haraji daga albashinka. Amma gwamnatin tarayya tana cire nata, ko a Texas kake ko a ina. Sannan harajin gida a Texas yana cikin mafiya tsada a Amurka, kuma ko haya kake, mai gida zai lissafa shi a cikin kuɗin hayar. A kanti ma akwai harajin sayayya na kashi 6.25 cikin ɗari, birane su ƙara nasu ya kai har 8.25. Don haka ya danganta. Mai babban albashi da ke ƙaramin gida yana iya cin riba sosai. Mai ƙaramin ƙarfi da iyali, ba lallai ba. Ka ƙara da kuɗin mota, domin a Houston zama ba mota wahala ce, da kuɗin wutar sanyaya ɗaki a zafin Yuli da Agusta. Kada hankalinka ya tashi, 'yan Najeriya da yawa suna zaune lafiya a Houston da Dalas. Ka dai zauna da biro da takarda kafin ka sayar da filinka.

Ta fi Najeriya girma?

A'a. Kusan kashi uku cikin huɗu na Najeriya ce. A Amurka, Alaska kaɗai ta fi ta.

Da shanu suka yi arziki?

Da farko. Amma tun da man fetur ya yi tsartuwa a wata rijiya a Spindletop a 1901 labari ya sauya. Yau Texas na haƙo fiye da ganga miliyan 5 a rana, ninkin na Najeriya sau uku da ɗoriya, mafi yawa daga yankin Permian da ke yammacin jihar.

Ana sanyi?

Ana yi. A Fabrairun 2021 ƙanƙara ta durƙusar da wutar jihar, mutum fiye da 200 suka mutu. Ka tafi da rigar sanyi.