Tari bayan aikin zuciya ko na huhu: a bar majinyaci ya yi

A unguwannin Nima da Sabon Zango na birnin Accra an daɗe ana cewa wanda aka yi wa aikin zuciya ko huhu ya kwanta shiru, kada ya yi tari, kada ɗinki ya farke. Tausayi ne ya kawo maganar, amma likitoci akasin haka suke so.

Bayan maganin barcin da ake bayarwa lokacin aikin, ƙananan jakunkunan iska na huhu kan lanƙwashe, majina ta taru. In ba a fitar da ita ba, sai zazzaɓi da ciwon huhu su biyo baya. Doguwar kwanciya kuma na sa jini ya daskare a ƙafa. Shi ya sa galibi washegari ake zaunar da majinyaci a kujera. Ƙashin ƙirjin da aka buɗe a aikin zuciya da wayar ƙarfe ake ɗaure shi. Majinyaci ya rungume matashin kai, ya ja numfashi sosai, ya yi tarin. Da zafi kam, don haka a nemi maganin zafi. Ɗaukar kaya mai nauyi ne abin gudu.

In kana jinyar Baba ko Hajiya, tambayi nas ta nuna maka yadda ake yi, ta kuma bayyana maka lambar iskar oksijin ta jini da na'urar da ake maƙalawa a yatsa ke nunawa. Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu jinya.